Yadda Aikin Kwamfuta Ya Tsallaka Teku

Kwanakin baya muna zaune a ƙofar gida nan Agege bayan sallar Isha'i, sai wani dattijo abokin mahaifina ya ja ni gefe ya kawo mini ƙarar ɗansa. Wai yaron ba shago, ba ofis, da yamma ta yi sai ya rungumi kwamfuta har ƙarfe biyun dare, amma ƙarshen wata sai ga dala ta shigo. Tsoronsa kada a ce yaron ya faɗa cikin 'yan damfara. Da na zauna da yaron sai na tarar manhaja yake rubuta wa wani kamfani a Amurka, kuma lokacin aikinsu ne ya faɗo a darenmu. Na koma na ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka, halak yake ci." Sai ya ce, "To su Turawan ba su da masu yi musu ne a can?"

Amsar wannan tambaya tana Indiya, don can aka fara abin da gaske.

A shekarar 1973 gwamnatin Indiya ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanonin waje rage hannun jarinsu zuwa kashi 40 cikin ɗari. Kamfanin IBM ya ƙi yarda, ya tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar a 1978. Wannan giɓi ya ba 'yan ƙasa dama. Dama kamfanin Tata ya kafa reshensa na kwamfuta, wato TCS, tun 1968. A 1981 kuma Narayana Murthy da abokansa 6 suka kafa Infosys a birnin Pune da jarin rufi 10,000, wanda ya aro daga wajen matarsa, sannan suka koma Bangalo a 1983. A wancan zamani ba a tura aiki ta waya, mutum ake turawa. A ɗauki injiniya a sa shi a jirgi, ya je ya zauna a ofishin Bature wata da watanni a kan albashin da ɗan ƙasar ba zai karɓa ba. Mu da iyayenmu suka zo Kurmi cin rani, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Abin ya fara sauyawa a 1985, lokacin da Texas Instruments ya buɗe cibiya a Bangalo ya kafa na'urar tauraron ɗan Adam, ya zamana ana rubuta manhaja a Indiya a aika Amurka ba tare da kowa ya hau jirgi ba. A 1991 asusun Indiya na kuɗin waje ya kusa ƙarewa, sai ministan kuɗi Manmohan Singh ya sassauta dokokin kasuwanci, a shekarar ce kuma aka kafa hukumar da ke samar wa kamfanonin manhaja layukan sadarwa da rangwamen haraji.

To amma abin da ya buɗe ƙofar gaba ɗaya wani ɗan kuskure ne, wanda nake ganin ya cancanci a tsaya a kansa. Masu rubuta manhaja na shekarun 1960 da 1970 sun riƙa rubuta shekara da lambobi 2 kacal, saboda ma'adanar kwamfuta tana da tsada ƙwarai a lokacin. Wato 1975 sai a rubuta 75. Da 2000 ta ƙarato sai hankali ya tashi, don kwamfutar banki ko ta kamfanin inshora za ta ga 00 ta ɗauka 1900 ce, lissafin bashi da fansho ya rikice. Gyaran ba wuya gare shi ba, yawa gare shi: sai an bi miliyoyin layuka na tsohon yaren kwamfuta mai suna COBOL ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsince tsakuwa a buhun shinkafa. Ƙwararrun Amurka sun yi kaɗan, kuma matasansu ba sa sha'awar irin wannan aiki. Indiya kuwa tana da dubban injiniyoyi masu jin Turanci. Aka miƙa musu, suka yi, kuma da 2000 ta wuce sai kamfanonin suka ga ai ba dalilin sallamar wanda ya riga ya san cikin ɗakinsu. A 1999 ma Infosys ya riga ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Amurka.

Mai karatu zai ce ashe duk maganar araha ce. Araha ita ce kan gaba, babu ja, don abin da za a biya mutum ɗaya a Kalifoniya zai ɗauki mutane da dama a Bangalo. Amma na ba Baba misalin telanmu na nan unguwa, wanda yake yanka babbar riga a Legas ya aika Zariya a yi mata aikin hannu. Ba sauƙin kuɗi kaɗai ya kai shi ba. Can masu hannun suke, kuma shi ba zai iya ajiye maɗinka 10 yana ciyar da su shekara guda saboda aikin da ba ya yawa sai gabanin Sallah ba. Haka banki yake: sana'arsa kuɗi ce, ba rubuta manhaja ba. Ga kuma bambancin lokaci, don tsakanin Indiya da gabashin Amurka akwai kusan awa 10. Bature ya tashi daga ofis ya bar matsala, gari na wayewa ya tarar an warware.

Ba kullum ake dacewa ba. A 2003 kamfanin Dell ya mayar da wani sashe na masu amsa kiran manyan abokan cinikinsa daga Indiya zuwa Amurka saboda koke-koke. Wanda ya taɓa aika ɗinki nesa aka dawo masa da wuyan riga a karkace ya san zafin abin. Su ma ma'aikatan Amurka da aka sallama ba su yi shiru ba, har maganar ta shiga yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa na 2004.

Mu nan abin ya makara bai iso ba, saboda intanet ɗinmu na da tsada da jan ƙafa, sai da wayoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 suka sauka Legas wajen 2010. A 2014 aka kafa Andela, mai horar da matasa ya haɗa su da kamfanonin waje, a 2016 kuma Mark Zuckerberg ya zo Yaba da kansa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 2019, lokacin da Andela ya sallami ƙananan ma'aikata kusan 400 a Najeriya da Kenya da Yuganda, yana cewa masu ba da aiki ƙwararru suke nema, ba 'yan koyo ba. Wanda araha ta kawo shi ƙofarka, araha za ta iya ɗauke shi gobe zuwa Biyetnam ko Filifin.

Na faɗa wa Baba wannan ma, ban ɓoye masa ba. Ya yi shiru, sannan ya tambayi ko akwai fansho a aikin. Yaron ya ce babu, kwantiragi ne da ake sabuntawa duk wata 6. Baba ya ce to daga albashin wannan watan a fara ajiye kuɗin fili a Kano, kuma a sayi batirin sola, don ya gaji da ƙarar janareta a tsakar dare.