Kaska da Ciwon Ruwan Zuciya a Ƙasar Borgu

Ciwon ruwan zuciya cuta ce ta shanu da tumaki da awaki, wadda wata kaska mai zanen baya da dogon baki ke yaɗawa. Kaskar ta yawaita a dazuzzukan da ke tsakanin Paraku da Jugu a arewacin Benin, tsofaffin zangon fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, inda Fulani ke kiwo har yau. Manyanta sukan fito da faɗuwar damina, su maƙale a hantsa da matsematsi da gindin wutsiya. Tun kafin zuwan likitocin dabbobi, makiyaya sun saba kayar da dabba su cire kaskar da hannu, aikin da ba ya ƙarewa sai ruwa ya ɗauke.

Dabbar da ta kamu takan yi zazzaɓi, ta riƙa ɗaga ƙafa sama tana juyi, sannan ta faɗi tana shure-shure. Idan an feɗe ta, sai a tarar da ruwa ya taru a jakar zuciya da ƙirji.

A Afirka ta Kudu aka gano bakin zaren. Wani mai bincike, Lounsbury, ya tabbatar a 1900 cewa kaska ce ke ɗauke da cutar, wani kuma mai suna Cowdry ya ga ƙwayar cutar da madubin likita a 1925. Sai a 1985 aka iya rainonta a ɗakin gwaji na Onderstepoort, kuma tun 2001 ake kiranta Ehrlichia ruminantium. A Najeriya, wani mai bincike, Ilemobade, ya yi nazarinta a Zariya cikin shekarun 1970.

Shekara da shekaru ba a tabbatar da cutar sai bayan mutuwa: a shafa ɗan ƙwaƙwalwar dabbar a gilashi, a rina, a nemi ƙwayoyin a jijiyoyin jini. Gwajin ƙwayar halitta na yanzu yana gano ta a jini da cikin kaskar kanta, sai dai ya yi wa ruga nisa da tsada. Allurar oxytetracycline tana warkarwa in an yi ta da farkon zazzaɓi. In dabba ta kai ga faɗuwa, da wuya ta tashi.

Shanun gida, irin na Borgu, sun fi juriya domin tun suna 'yan maruƙa suke haɗuwa da cutar. Waɗanda ake kawowa daga Turai don inganta iri su ne ta fi kashewa. Cizon wannan kaskar kuma shi ke tsananta kirci, mai ɓata fata har ta rasa daraja a hannun majema.