Sirrin bincike: Ingila, Amurka da ƙasar Gwandu

A shekarar 1166 Sarki Henry na biyu ya umarci mutum 12 daga kowace gunduma ta Ingila su rantse, su faɗi waɗanda ake zargi da kisa ko sata. Wannan ne tushen majalisar tuhuma da Amurka ke riƙe da ita har yau. Tana zama a asirce kafin a kai ga shari'a, babu alƙali, babu lauyan wanda ake zargi. Sirrin yana ƙarfafa zuciyar mai shaida, amma yana barin mai gabatar da ƙara shi kaɗai a fage.

Alƙalan ƙasar Gwandu, wadda Jega, Aliero da Maiyama ke cikinta, sun gaji sirri mai iyaka daga Muhtasar na Halilu. Alƙali yakan tura amintaccensa ya binciko halin mai shaida a ɓoye. Ita ce tazkiyyar sirri. Yakan kuma ɓoye sunayen shaidu idan ana tsoron sharrin wanda aka yi ƙara, kuma a garin da kowa ya san ƙofar gidan kowa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In ban da irin waɗannan, hukunci ba ya tabbata sai an yi i'izari: a tambayi mutum ko yana da abin da zai soki shaidar da shi.