Gwajin zuciya a kan injin tafiya: yadda ake bambance gajiyar tsufa da ciwo

A Kongolam, garin kan iyakar Najeriya da Nijar a Ƙaramar Hukumar Mai'adua ta masarautar Daura, idan dattijo ya fara haki a gona, akan ce girma ne ya zo. Sau da yawa haka ɗin ne. Amma wani lokaci jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini ne suka fara ƙuntata, kuma awon ECG da ake yi mutum yana kwance ba lallai ya fallasa hakan ba.

Yadda ake gwajin

Akan manna wa mutum wayoyin ECG a ƙirji, a ɗaura masa abin awon hawan jini, sannan ya hau injin tafiya. Tsarin da aka fi bi shi ne wanda likitan zuciya Robert Bruce na birnin Seattle a Amurka ya wallafa a 1963: duk bayan minti uku ana ƙara saurin injin da tudunsa. Zuciyar da ke aiki tuƙuru tana buƙatar ƙarin jini. Idan jijiya ta gaza kawo shi, zanen ECG kan sauya, ko ƙirji ya ɗauki ciwo, sai likita ya dakatar da gwajin.

Abin da shekaru ke ragewa

Likitoci kan ƙiyasta iyakar bugun zuciya a minti ɗaya ta hanyar cire shekarun mutum daga 220. Ɗan shekara 25 zai kai wajen 195, ɗan shekara 65 kuwa 155. A gwaji, ana so a cimma kashi 85 cikin 100 na wannan adadi. Wannan raguwa ta tsufa a hankali take zuwa. Abin tsoro shi ne juriyar da ta faɗi cikin 'yan makonni, ko nauyin ƙirji da ke tasowa lokacin aiki ya lafa da hutawa, ko kumburin ƙafa da suma. Haɗarin ya fi ga masu hawan jini, ciwon suga da mashaya taba.

Tambayar da ta rage ga hukumomi

Gwajin na buƙatar na'ura, tsayayyar wutar lantarki da ƙwararren likita, abubuwan da suka fi taruwa a manyan asibitocin birane irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ga manomin kan iyaka, kuɗin mota da na gwaji kan sa ya haƙura. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, sannan dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga 'yan Najeriya. Haƙƙin matasa ne su tambayi wakilansu ina waɗannan alƙawura suka kwana. Kafin nan, su raka iyayensu awon hawan jini a asibiti mafi kusa.