Gayyar Yaɓen Babban Masallacin Jenne

Ginin ƙasa ba ya daɗewa sai da mai kula da shi. Kowace damina ruwa yakan zaftare masa yaɓe, rana kuma ta tsattsaga shi, in aka yi sakaci shekaru kaɗan sai ya koma tudu. Wannan maƙala za ta duba tarihin Babban Masallacin Jenne, a ƙasar Mali, domin a ga yadda mutanen gari suka riƙe shi da aikin gayya.

Jenne tsohon birnin ciniki da karatu ne a gefen kogin Bani. Abdurrahman al-Sa'adi, a cikin littafinsa Tarikh al-Sudan, ya ruwaito cewa sarkin garin mai suna Kunburu, da ya musulunta, sai ya rushe fadarsa ya mai da wurin masallaci. Masana tarihi sun kintata faruwar haka wajen ƙarni na 13. Masallacin ya yi ɗaruruwan shekaru a tsaye, har zuwa zamanin Shehu Ahmadu na Masina, wanda ya gina wani sabo a tsakanin 1834 da 1836. Aka daina yaɓe tsohon, ruwa ya cinye shi. Ba yaƙi ne ya ci shi ba, janye hannu kurum aka yi.

Faransawa sun ci Jenne a 1893. A zamaninsu ne aka sake tayar da masallacin a kan tsohon kufansa, aka gama a 1907, bisa jagorancin shugaban maginan garin, Isma'ila Tarawore, da ƙwadagon mutanen da aka tilasta wa aiki. An ɗora shi a kan dandamali mai tsayin mita 3 saboda ambaliya. Ginshiƙai 90 ke ɗauke da rufinsa, hasumiyoyi uku kuma na bangon alƙibla, kowace da ƙwan jimina a kanta. Itatuwan giginya da suka fito daga jikin bangon ba ado kaɗai ba ne, matakala ce da magina suka bari domin masu yaɓe. Watau tun ran gini an san za a riƙa dawowa.

Haka kuwa ake yi. Kowace shekara, kafin faɗuwar damina, akan ɗebo laka a zuba a ramummuka, a cuɗa ta da ƙaiƙayin shinkafa, a bar ta ta ruɓa, yara suna tattaka ta. Ran gayya, tun da asuba, samari sukan yi ta tsere da kwanduna cike da kwaɓi, mata da 'yan mata suna jidar ruwa, magina na ƙungiyar da ake kira barey ton suna bisa bango suna shafe shi da tafin hannu, dattawan da suka yi nasu zamanin suna zaune suna duba aiki. Unguwanni sukan yi gasa, kowace tana so ta riga gama rabonta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannuwan gari guda sukan sabunta bangon kafin rana ta yi tsaka.

Sai dai gayya ma tana da tata illa. Yaɓe bisa yaɓe na shekaru kusan ɗari ya yi wa rufin nauyi, ya kuma dusashe siffar bangon. Bayan hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1988, idon waje ya ƙara komawa kansa. A watan Satumba na 2006 ma'aikatan gidauniyar Aga Khan suka hau rufin suna bincike. Jama'a suka gan su suna haƙa, ba su san dalili ba, sai tarzoma ta tashi a garin. Daga baya aka daidaita, aka soma gyara tare da maginan Jenne, aka rage ƙasar da ta taru, aka sauya azarorin da suka ruɓe. Ana cikin aikin, a watan Nuwamba na 2009, ruwan sama mai yawa ya kayar da saman hasumiyar kudu, aka sake gina ta. Da aka gama, gayyar ta ci gaba yadda aka saba.

Abin lura a nan shi ne, ƙwararru daga waje suna iya auna nauyin rufi, su kawo kuɗi, amma ba su ne za su dawo baɗi ba. Masallacin farko ya faɗi ne da masu shi suka bar shi, na yanzu kuwa ya wuce shekara ɗari saboda ba su bar shi ba. Duk mai niyyar ceto tsohon gini, sai ya fara neman yardar waɗanda za su ɗauki kwando.