Birnin Zazzau da Ƙagaggen Labarin Tarihi Domin Yara

A Zariya aka yanke wa ƙagaggen labarin Hausa na boko cibiya. A nan Hukumar Talifi, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933, kuma tun daga zubin farko tarihi ya shiga cikin ƙirƙira. Bello Kagara ya gina Ganɗoki kan zuwan Turawa, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ya bi sawun yaron da aka sace a zamanin cinikin bayi cikin Shaihu Umar. A 1969 Umaru Dembo ya cilla yaro sararin samaniya cikin Tauraruwa Mai Wutsiya. Kiran wannan maƙala shi ne a juya akalar irin wannan tafiya, a ɗauki ɗan yau a mayar da shi jiya, cikin ganuwar Zazzau.

Dalili shi ne darasin aji jerin sarakuna da shekarun sarautarsu yake bai wa ɗalibi. Amma yaron da labari ya jefa cikin wani zamani, dole ya tambayi abin da littafin makaranta ya tsallake: me ake ci, yaushe ake rufe Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana, wa ke ɗebo ruwa? A ce yarinya 'yar Kwarbai ta farka a zamanin Sarki Abdulkarim, lokacin da Babban Gwani Mika'ilu ke gina Masallacin Juma'a. Za ta ga ana kwaɓa ƙasa, ana mulmula tubali, ana jera azara har bakan gizo ya tashi, ana shafe bango da makuba. Ta haka za ta gane cewa magina da masu ɗaukar ƙasa ma suna da rabo a tarihin garinta.

Sai dai wannan 'yanci na marubuci yana tafe da amana. Littafin Tarihin Kano ya sa Sarauniya Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, cikin ƙarni na 15, yayin da wasu ruwayoyi suka kai ta ƙarni na 16 a matsayin 'yar Bakwa Turunku. Bai dace a ɓoye wa yaro wannan saɓani ba. Gwanin marubuci zai iya sa tsofaffi biyu su kawo ruwayoyin, mai karatu ya koyi auna magana. Haka batun jihadi: Malam Musa ya shigo birni, Sarki Makau ya fita zuwa Zuba, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin da a yau ake kira Suleja. Yaro ya cancanci jin muryar wanda ya shigo da ta wanda ya fita, da ta bawan da ke noma a rinji.

Wasu za su ce irin wannan ya fi ƙarfin yara. Amma an daɗe ana karanta Shaihu Umar a makarantunmu, kuma tausayi ya koya wa masu karatunsa. Sirrin yana ga lafazi mai taushi da tsayawa kan gaskiya.

Ganuwar tana zaizayewa, gidaje na cin gefenta, tsofaffin da suka riƙe labaranta suna ƙarewa. Wajibi ne marubuta su zauna da masana tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da dattawan unguwanni, su rubuta wa 'yan firamare littattafai, domin yaron da ya san yadda aka gina garinsa shi zai tsaya ya kare abin da ya rage.