Yadda Aka Cinye Gefen Allon Atari ST

Tsofaffin talabijin masu doro, irin na gidajen kallo a Ƙaura Namoda da Shinkafi, sukan yanke gefen hoto. Shi ya sa masu ƙera kwamfutocin gida a shekarun 1980 suka riƙa barin fili kewaye da allo, don kada rubutu ya ɓace.

Atari ST, wadda ta fito a 1985, tana zana ɗigo 320 a kwance, 200 a tsaye. Sauran fili haramiyarta ne. Sai matasan Turai masu rubuta manhaja suka gano lagonta. Na'urar tana ƙidaya layuka domin sanin inda za ta dakata, kuma matsayar ta bambanta tsakanin tsarin sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa, irin namu, da na sau 60, irin na Amurka. In aka sauya tsari daidai lokacin dubawa, aka mayar nan take, sai ta zarce iyaka ba ta ankara ba.

Dama da hagu sun fi wuya: kowane layi sai an maimaita dabarar, ana lissafin bugu 512 na ƙwaƙwalwar kwamfutar. An kuskure kaɗan, hoto ya wargaje. Duk da haka, a 1989 Union Demo ta nuna allo cike maƙil, abin da kamfanin Atari bai tanada ba.