Kyauron Kibiya

Kyauro wata doguwar ciyawa ce mai gaɓoɓi da ke fitowa a fadamu da bakin rafi, kuma da karanta maharban ƙasar Hausa ke yin sandar kibiya. A yanki irin Ungogo, arewa da birnin Kano, inda gonaki suka cinye daji har abin harbi ya koma zomo, gafiya da tsuntsaye, ingancin kyauron ya fi kaifin ƙarfen muhimmanci. Dalili kuwa shi ne kibiyar Bahaushe galibi ba a sa mata gashin tsuntsu, don haka ba abin da zai daidaita ta in ta bar baka sai miƙewar karan da nauyin tsinin da maƙeri ya ƙera. Maharbi kan nemi wanda ya ƙosa ya bushe, ya ɗaga shi saitin ido yana murzawa, ya gasa karkatacciyar gaɓa a wuta ya miƙar da ita, sannan ya naɗe bakin da jijiya kada ya tsage.

Wani zai ce dafin kwankwani ne ke kisa, kowane kara ma ya wadatar. Amma dafi ba ya aiki sai kibiya ta samu nama, karan dawa kuwa, duk yawansa bayan girbi, cikinsa totuwa ce, ba ya jure bugun tsirkiya.